Marriott: Yadda Shagon Kujeru Tara Ya Zama Mai Hayar Suna Ga Otal Sama Da Dubu Tara

Wanda ya san Abuja ya san babban otal ɗin nan da ke titin Ladi Kwali a Wuse, wanda aka shafe shekaru sama da talatin ana kira Sheraton. Yau allon da ke ƙofarsa Abuja Continental yake cewa. Gini bai motsa ba, ɗakuna na nan, zauren taro na nan, suna ne kawai aka cire. Mutane da dama sun ɗauka Sheraton ce ta sayar da otal ɗinta ta tattara ta koma gida. Ba haka ba ne. Tun farko ginin ba nata ba ne, na kamfanin Capital Hotels ne, na 'yan Najeriya. Sheraton sunanta kawai ta bayar haya, tare da tsarin gudanarwa, kuma tun 2016 shi kansa sunan ya zama mallakar Marriott International da ke Bethesda a jihar Maryland ta Amurka. Da yarjejeniya ta zo ƙarshe, sai kowa ya kama gabansa.

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar Marriott gaba ɗaya. Kamfanin na da otal fiye da 9,000 a ƙasashe sama da 140, ɗakuna kusan miliyan 1.7, amma waɗanda ya mallaka ko ya karɓa haya da kansa ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saura duk na wasu ne: attajirai, gwamnatoci, asusun fansho, kamfanonin gidaje. Hajarsa uku ce: suna, tsarin aiki, da baƙi.

Asalin abin kuwa ba otal ba ne. A 1927, J. Willard Marriott da matarsa Alice, 'yan jihar Utah, suka buɗe ɗan shago mai kujeru tara a birnin Washinton, suna sayar da wani lemo mai sanyi marar barasa na kamfanin A&W. Da hunturu ya shigo ciniki ya faɗi, domin ba mai neman abin sanyi cikin sanyi, sai suka ƙara abinci mai zafi, suka raɗa wa wurin suna Hot Shoppe. Shagon farko ma da sunan wani aka buɗe shi, wato shi kansa mai kamfanin ɗan hayar suna ne kafin ya zama mai bayarwa. A 1937 suka fara dafa wa jiragen sama abincin fasinja, a 1953 suka sayar da hannun jari ga jama'a. Sai bayan shekara talatin da kafuwa, a 1957, aka buɗe otal na farko, Twin Bridges, a Arlington ta jihar Virginia, mai ɗakuna 365, irin wanda matafiyi ke ajiye motarsa kusa da ƙofar ɗaki. Ɗansu Bill Marriott ne ya rungumi wannan ɓangare, ya zama shugaban kamfanin a 1972, ya kuma riƙe shi shekara arba'in. Otal na farko a wajen Amurka an buɗe shi a Acapulco ta ƙasar Meziko a 1969.

Shekarar da ta canza komai

A shekarun 1980 Marriott ta samu dabara mai kawo kuɗi: ta ci bashi ta gina otal, ta sayar wa masu zuba jari, amma da sharaɗin ita za ta ci gaba da gudanar da shi na tsawon shekaru. Kuɗin sayarwa ya biya bashi, a sake gina wani. Dabarar na tafiya ne muddin akwai masu saye. A 1986 Amurka ta sauya dokar haraji, ta rage garaɓasar da ke jan masu kuɗi zuwa sayen irin waɗannan gine-gine. Zuwa 1990 kasuwar gidaje ta karye, yaƙin yankin Gulf ya tsorata matafiya, sai Marriott ta wayi gari da tulin otal-otal da ta gina don sayarwa babu mai tayawa, ga bashin kusan dala biliyan 3 a wuya.

Mafitar da jami'in kuɗin kamfanin, Stephen Bollenbach, ya kawo a watan Oktoba 1992 ita ce a raba kamfanin gida biyu. Ɗaya, Host Marriott, ya ɗauki gine-gine da mafi yawan bashin. Ɗayan, Marriott International, ya tafi da sunaye da kwangilolin gudanarwa, kusan wanke daga bashi. Masu hannun jari sun yi murna. Waɗanda suka ba kamfanin rance ta hanyar takardun lamuni kuwa suka ga an bar su riƙe da ƙaho wani na tatsa: darajar takardunsu ta faɗi warwas cikin kwanaki, wasu suka garzaya kotu. Ƙorafinsu na da tushe, kuma sai da aka gyara sharuɗɗan aka kammala rabuwar a 1993. Amma daga nan ne masana'antar ta gane cewa mallakar gini sana'a ce daban, sayar da suna ma sana'a ce daban, kuma ta biyun ba ta buƙatar jari mai nauyi. Sauran manyan kamfanonin otal, irin su Hilton, IHG da Accor, duk sun bi wannan hanya daga baya.

Yadda kuɗin ke shigowa

Hanya biyu ce babba. Ta farko hayar suna: mai gini ya ɗauki sunan, ya bi ƙa'idoji, amma shi ko wani kamfanin da ya ɗauko ke tafiyar da otal ɗin, shi ke ɗaukar ma'aikata ya biya su. Yana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, sannan kowane wata ya ba da tsakanin kashi 4 zuwa 7 na kuɗin da ɗakuna suka kawo, gwargwadon sunan da ya ɗauka. A wasu manyan sunayen ana ƙara wani kaso daga cinikin abinci da abin sha. Ban da wannan akwai kuɗin talla, kuɗin manhajar kama ɗaki, da kuɗin makin tukuici da ake ba baƙi su tara. Yawancin otal-otal ɗin Marriott, musamman a Amurka, a wannan tsari suke.

Ta biyu kwangilar gudanarwa: Marriott ce ke turo babban manaja, ta tsara kasafin kuɗi, ta tafiyar da komai a madadin mai gini. Tana karɓar lada na asali, galibi kashi 2 zuwa 3 na duk kuɗin da ya shigo, da kuma lada na ƙwazo daga ribar da aka samu. Irin wannan kwangila kan ɗauki shekara 20 zuwa 30. Ita aka fi amfani da ita a manyan otal na alfarma, da kuma ƙasashen da kamfanin bai amince akwai isassun ƙwararrun masu gudanarwa ba.

A lura da kyau: mafi yawan kason Marriott daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Otal mai ɗaki 200, kowane ɗaki dala 100 a dare, kuma a matsakaici kashi 60 na ɗakunan na da baƙi. Ɗaki 120 ke nan kullum, dala 12,000 a rana, dala miliyan 4 da dubu 380 a shekara. Idan kuɗin suna kashi 5 ne, dala 219,000 sun tafi. A ce sauran kuɗaɗen tsari sun kama kashi 4, an ƙara dala 175,200. Sannan yarjejeniya kan tilasta wa mai gini ware kashi 4 ko 5 a asusu na musamman don sauya katifu, darduma, labule da kujeru idan sun tsufa. Duk wannan kafin a biya albashi, a sayi dizal, a biya banki. Idan man janareta ya ninka farashi, ribar mai gini ce ke narkewa, kason mai suna bai ragu da ko sisi ba. Shi ya sa ma'aunin da kamfanin ke bayyanawa kowane wata uku ba ribar otal ba ne, kuɗin da kowane ɗaki ya kawo ne, ko da baƙo ko babu. A misalinmu dala 60 ke nan: farashi 100 sau kashi 60.

To me ya sa mai gini ke yarda? Saboda abu uku. Banki ya fi sakin bashi mai sauƙin ruwa ga ginin da zai ɗauki sanannen suna. Kamfanonin mai, ofisoshin jakadanci da ma'aikatan jiragen sama sun fi sauke mutanensu inda suka san ƙa'idar tsaro da kashe gobara. Na uku kuma, otal mai zaman kansa kan biya shafukan kama ɗaki irin su Booking.com da Expedia kamasho da ke kaiwa kashi 15 zuwa 25 na kuɗin ɗaki, alhali babban kamfani na da ƙarfin cinikin da zai rage wannan sosai, kuma yana kawo baƙi kai tsaye ta manhajarsa. Idan sunan ya ɗaga cikar ɗakuna daga kashi 50 zuwa 60, ya biya kuɗin kansa har da rara. Idan bai ɗaga ba, mai gini ya ɗaura wa kansa nauyin shekara ashirin.

Me ya kawo sunaye sama da talatin?

Farkon rabe-raben suna daga buƙatar baƙo ya taso. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya ga manyan birane sun kusa cika da manyan otal, sai ya tambayi ɗaruruwan matafiya 'yan kasuwa abin da za su iya haƙura da shi idan farashi zai sauka. Amsa ta fito: ba su damu da mai ɗaukar jaka, katafaren zauren biki ko gidajen abinci uku ba. Suna son ɗaki mai faɗi, teburin aiki, da tsafta. Daga nan Courtyard ta fito a 1983 a Atlanta, mai ɗakuna wajen 150 da ma'aikata kaɗan. A 1984 aka buɗe JW Marriott na farko a Washinton don karrama wanda ya kafa kamfanin. A 1987 aka ƙirƙiri Fairfield Inn don masu ƙaramin ƙarfi, aka kuma sayi Residence Inn, wadda ɗakunanta ke da kicin don mai zaman mako biyu ko wata guda. Wannan nau'i na dogon zama yana da riba ƙwarai ga mai gini, domin ba kullum ake gyaran ɗaki ba, kuma baƙo ɗaya na cike gurbin dare talatin.

Sauran sunayen yawanci saye aka yi. Kashi 49 na Ritz-Carlton a 1995, kusan dukkansa a 1998. Renaissance a 1997. Haɗin gwiwa da AC Hotels ta Sifen a 2011, Gaylord a 2012, Delta ta Kanada a 2015. Ritz-Carlton ta zo da al'adar da ta shahara da ita, inda aka yarje wa kowane ma'aikaci ya kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da neman izinin manaja ba, kuma Marriott ta yi hikimar barin ta da halinta.

Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa wa baƙo ba. Mai ginin da ya ɗauki suna kan nemi a rubuta masa cewa ba za a buɗe wani otal mai irin sunansa a kusa da shi ba na wasu shekaru. Wannan kariya galibi sunan nan guda ta shafa, ba duk sunayen kamfanin ba. Don haka idan akwai Courtyard a unguwa, ba abin da zai hana a buɗe Four Points a tsallaken titi, da AC a bayansa, da Aloft a kwana. Dukkansu kusan matakin farashi ɗaya, dukkansu daga rumbun baƙi ɗaya suke ɗiba, kuma Marriott na karɓar kasonta daga kowanne. Ga kamfanin, sabon suna sabuwar rumfa ce a kasuwar da ya riga ya cika. Ga tsohon mai gini kuwa kishiya ce aka kawo masa daga cikin gida. A ganina a nan ne tsarin ya fi rashin adalci, kuma shi ne sakin layin da ya kamata lauyan mai gini ya fi daɗewa a kansa.

Akwai kuma sunaye masu sassauci, irin su Autograph Collection, Tribute Portfolio da The Luxury Collection. A nan otal na riƙe da sunansa na asali da kamanninsa, ya shiga tsarin kama ɗaki da na maki kawai. Sun dace da tsohon gini mai tarihi wanda ba zai yiwu a rushe bangonsa don ya dace da ma'aunin ɗakin Courtyard ba.

Starwood, da abin da aka saya ba a gani ba

Cinikin da ya mai da Marriott ta ɗaya a duniya shi ne sayen Starwood, kamfanin otal na Amurka da ke da mallakar sunan Sheraton. An amince a Nuwamba 2015 kan kusan dala biliyan 12. A Maris 2016 kamfanin inshora na ƙasar Sin, Anbang, ya shigo da tayi mafi tsoka, Marriott ta ƙara zuwa dala biliyan 13.6, Anbang ya taya 14, sannan kwatsam ya janye. Aka kammala a Satumba 2016. Sunaye 11 suka shigo, cikinsu akwai Sheraton da aka kafa a 1937, Westin, W, St. Regis wadda otal ɗinta na farko ya buɗe a New York a 1904, da Le Méridien da kamfanin jirgin Air France ya ƙirƙira a 1972. Jimilla sunaye 30, otal fiye da 5,700, ɗakuna miliyan 1.1. Arne Sorenson ne ya jagoranci cinikin, mutum na farko daga wajen iyalin Marriott da ya shugabanci kamfanin, daga 2012 har rasuwarsa a Fabrairu 2021, inda Anthony Capuano ya gaje shi.

Tare da sunayen an sayi ɓaraka. Tun 2014 masu kutse suka shiga rumbun bayanan kama ɗaki na Starwood, kuma suna ciki har lokacin da aka yi cinikin, har shekara biyu bayansa. Sai a Satumba 2018 aka gano, aka sanar a ƙarshen Nuwamba. Bayanan baƙi har miliyan 383 abin ya shafa, ciki har da lambobin fasfo sama da miliyan 5 da ba a kulle su da lambar sirri ba. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 18.4 a 2020, a 2024 kuma ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 52. Dalilin abin a fili yake: an binciki gine-gine, kwangiloli da basussukan Starwood, amma ba a yi wa tsohuwar na'urarta binciken ƙwaƙwaf ba, aka kuma bar ta tana aiki a gefe yayin da ake haɗa tsarin biyu.

Abin da Marriott ta fi kwaɗayi a Starwood shi ne baƙinta masu tara maki, waɗanda suka shahara da kashe kuɗi. An haɗe tsare-tsaren maki uku a Agusta 2018, cikin tangarɗa da ƙorafin waɗanda makinsu ko darajarsu ta ɓace na wani lokaci, aka raɗa wa sabon suna Marriott Bonvoy a Fabrairu 2019. Yanzu membobinsa sun haura miliyan 200. Makin nan kuɗi ne da kamfanin ke bugawa da kansa. Otal na biyan kuɗi a asusun tsarin duk lokacin da memba ya kwana, bankuna kuma na sayen maki da yawa don raba wa masu katin bashi. Ƙarfin wannan ya bayyana a 2020. A watan Afrilu kuɗin da ɗakuna ke kawowa ya faɗi da kusan kashi 90 saboda korona, sai a watan Mayu kamfanin ya karɓi dala miliyan 920 daga bankin Chase da kamfanin katin bashi na American Express, kuɗin maki da sauran kuɗaɗen da aka biya shi tun kafin lokacinsu. Asararsa ta shekarar gaba ɗaya dala miliyan 267 ce, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da halin da masu gine-ginen suka shiga da bankunansu.

Inda ake samun matsala da mai gini

Rigima ta fi tasowa a wajen gyara. Duk bayan wasu shekaru, ko lokacin sayar da otal, ko sabunta yarjejeniya, kamfanin kan aiko da jerin gyare-gyaren dole: sauya banɗaki, makullan ƙofa, na'urar fesa ruwan kashe gobara, wani lokaci har fasalin zauren karɓar baƙi. Ga mai ginin da ke karɓar naira ko sidi amma yake shigo da kayan da dala, faɗuwar darajar kuɗin gida na iya ninka masa lissafin cikin shekara ɗaya. Idan ya gaza, masu duba inganci su rage masa maki, a aiko da gargaɗi, daga ƙarshe a cire allo. Idan kuma shi ne ya nemi fita kafin wa'adi, akwai diyyar da za ta iya kai kuɗin suna na shekaru da dama. Wani lokaci kamfanin kan ba mai gini wasu kuɗi a farko don jawo shi ya sa hannu, kuma duk wanda ya fita da wuri sai ya mayar da abin da ya rage daga cikinsu. A kwangilar gudanarwa, kariyar mai gini ita ce sharaɗin gwajin ƙwazo: idan otal ya kasa kai wani kaso na ribar da aka yi kasafi, kuma ya kasa kamo takwarorinsa na gari, shekara biyu a jere, yana da ikon sallamar mai gudanarwa. Sai dai sau da yawa ana rubuta cewa sai an faɗi gwaje-gwajen biyu tare, kuma kamfanin na iya biyan giɓin ya tsira da kwangilarsa.

Shi ma baƙo tsarin na shafarsa. Otal biyu masu suna ɗaya na iya bambanta kamar sama da ƙasa, domin masu su daban ne, aljihunsu daban, shekarar gyaransu ta ƙarshe daban. Sheraton ta daɗe tana fama da wannan, shi ya sa Marriott ta ƙaddamar da shirin sabunta ta a 2018, ta kuma raba gari da wasu otal ɗin da suka ƙi gyara. Alhajin da ke zaɓen masauki a Makka tsakanin Marriott na Jabal Omar, Le Méridien da Four Points zai fi amfana da tambayar nisan ƙofa zuwa Harami, yawan lif, da ko sai an hau bas, fiye da dogaro da sunan kawai.

A Afirka kudu da Sahara, Marriott ta shigo da ƙarfi ne a 2014, lokacin da ta sayi Protea ta Afirka ta Kudu kan kusan dala miliyan 200, da otal 116 a ƙasashe bakwai, har da Najeriya. A nan ma sunaye da kwangiloli ta saya, ba tubali ba. Starwood ta ƙara mata Sheraton na Ikeja, mallakar Ikeja Hotel, da Four Points na Victoria Island. Marriott na Akara ya buɗe a 2018, na Ikeja kuma a 2021, wanda rukunin SIFAX ya gina da kuɗinsa. A Najeriya da Gana, yawancinsu suna Legas, Akara da biranen mai, inda ake da baƙin da kamfani ke biya musu ɗaki da farashin da zai ɗauki nauyin kason suna. A garin da yawancin cinikin otal daga bukukuwan aure da tarukan gwamnati yake fitowa, kuma baƙin ta waya suke kiran manaja su kama ɗaki, rumbun membobi miliyan 200 ba lallai ya ƙara ko ɗaki goma a dare ba. Kamfanin ya fara neman amsar irin wannan kasuwa ta hanyar sunaye masu araha da sauƙin sharuɗɗa: ya sayi City Express ta Meziko a 2023 kan dala miliyan 100, yana kuma karɓar tsofaffin otal masu zaman kansu ya sauya musu allo da ɗan gyara maimakon jiran sabon gini. A 2025 ya ƙara citizenM ta Holan, mai ƙananan ɗakuna a tsakiyar manyan birane, kan dala miliyan 355.